Na'urar Jin Ƙarfe da Hurumin Kufai

Tun daga shekarar 2014, sa'ad da labari ya bazu cewa an ga zinariya a Jado, can ƙuryar arewa maso gabashin Nijar, kuma kafin shekarar ta ƙare aka sake ganinta a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, wata na'ura wadda a da ba a san ta ba sai a hannun soja masu neman nakiya ta shiga bakin jama'ar ƙasar nan, har ya zama yaron da bai taɓa wuce kasuwar Matamai ba yana iya siffanta maka ita dalla-dalla. Doguwar sanda ce mai faifai a ƙasanta, da ɗan akwatin batir, da abin sawa a kunne; mai ita yana tafe sannu-sannu yana kaɗa faifan dama da hagu, dab da ƙasa ba tare da ya taɓa ta ba, har ya ji sautin da ke kunnensa ya sake, sa'an nan ya tsuguna ya kama tono. Samari daga jihar Damagaram, kamar 'yan'uwansu na Agadas da Tawa, sun bi wannan hanya, suka iske 'yan Sudan da 'yan Cadi waɗanda suka riga su sanin aikin, suka koya a hannunsu. Da hukuma ta rufe Jado a 2017, waɗansu suka nausa wasu ma'adinan, waɗansu kuma suka komo gida da sanin da suka samo. A watan Nuwamba na 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa a jihar Maradi, mutum 18 suka rasa rayukansu, abin da ya nuna wa kowa cewa zazzaɓin tono ya riga ya sauko kudu, cikin ƙasar noma. To, tun da rairayin garuruwanmu na Kurni da Tsauni da Yawuri ba a san shi da zinariya ba, hankali yana ba da cewa duk ranar da irin wannan na'ura ta zauna a hannun saurayi marar aikin yi a cikin rani, inda zai fara nufa da ita shi ne kufai, da tsohon wurin kasuwa, da tudun nan da dattawa suka ce kada a noma shi. Wannan ita ce mas'alar da nake so mu dube ta tun ba ta zama fitina ba.

Babu sihiri a cikin na'urar, ko da yake akwai masu son a ɗauka akwai. Waya ce aka nannaɗe a cikin faifan, lantarkin batir yana bi ta cikinta yana haifar da ƙarfin maganaɗisu wanda ke ratsa ƙasa. Idan ya gamu da ƙarfe, ko baƙi ko jan ƙarfe ko azurfa ko zinariya, sai ƙarfen ya mayar da martani, na'urar ta juya wannan martani ya zama sauti. Kwabo guda ba ta jinsa in ya wuce zurfin taƙi ɗaya ko kamu ɗaya, babban abu ne kaɗai take ji daga nesa. Ba ta jin yumɓu, ba ta jin ƙashi, ba ta jin dutsen ado, ba ta jin wuri. Asalinta kuwa ya tsufa, domin tun 1881 Alexander Graham Bell ya harhaɗa irinta don neman harsashin da ke jikin shugaban Amurka James Garfield, bai kuwa dace ba; sa'an nan a 1941 wani hafsan sojan Polan mai suna Józef Kosacki ya ƙera wadda sojan Ingila suka share nakiyoyi da ita a yaƙin Alamain na Masar a 1942. Bayan yaƙi ta fita daga hannun soja ta shiga kasuwa, ta yi ta ƙanƙancewa tana yin sauƙin ɗauka, har ta zama abin ɗebe kewa ga mutanen Turai da Amurka.

A Ingila, inda wannan sha'awa ta fi kafuwa, galibin ma'abutanta mutane ne da cikinsu ya ƙoshi, dattawa da suka ajiye aiki da ma'aikata masu hutun Lahadi, waɗanda kan nemi iznin mai gona bayan girbi, su wuni cikin sanyi suna tono maɓallai da ƙusoshi, su koma gida da farin ciki in sun sami kwabon Rumawa guda. Dalilin da ya sa ƙasarsu take ba su haka a fili yake: Rumawa sun mulke ta kusan shekara 400 suna biyan soja da kuɗin ƙarfe, kuma daga baya sarakunansu suka shafe ƙarnuka da dama suna buga kuɗi. A watan Yuli na 2009 wani mutum mai suna Terry Herbert ya gano kayan yaƙi na zinariya, nauyin kilo biyar da 'yan kai, a wata gona a Staffordshire. Aka kimanta su fam miliyan 3.285, gidajen tarihi suka tara kuɗin suka saya, aka raba tsakaninsa da mai gonar. Amma labarin da ya fi wannan amfani gare mu shi ne na Dave Crisp, wanda a 2010, kusa da garin Frome, ya tono har ya kai bakin wata ƙatuwar tukunya cike da kuɗin Rumawa, sai ya danne zuciyarsa ya mayar da ƙasa ya rufe, ya tafi ya kira masana. Da suka zo suka kwashe kuɗin hawa-hawa, suna rubuta abin da ke kowane hawa, suka ƙirga guda 52,503. Kuma saboda sun ga tukunyar a mazauninta, suka gane cewa ba ta da kaurin da za a ɗauko ta cike da wannan nauyi, watau sai da aka binne ta tukuna aka zuba kuɗin, har waɗansunsu suka rinjayar da cewa hadaya ce jama'a suka yi, ba ajiyar da mai ita yake nufin komowa ya ɗauka ba. Da ya juye tukunyar cikin buhu, da kuɗin suna nan ba su ragu ba, amma wannan sani da ya tafi har abada.

Yanzu sai mu tambayi kanmu abin da ƙasarmu ta ɓoye, domin kuskure ne babba mutum ya ga hoton tukunyar Ingila a wayarsa ya zaci irinta na jiransa a bayan gari. Kuɗin kakanninmu wuri ne, wanda aka ɗebo daga tsibiran Maldib da gaɓar Zanzibar, ana ƙirga shi zambar-zambar, ana ɗura dubu ashirin cikin keso guda. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Katsina zuwa Kano a 1851, kuma ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya iske ana canjin dala guda ta azurfa a kan wuri 2,500 a kasuwar Kano. Ban da wuri, ana ciniki da tufa da gishiri da dabba da hatsi, waɗanda ƙasa da gara sun cinye su tuntuni. Gaskiya ne Ibn Baɗuɗa, da ya sauka Takadda a 1353, ya ga ana saye da sayarwa da 'yan sandunan jan ƙarfe, masu kauri ɗari huɗu a kan miskalin zinariya, sirara ɗari shida ko bakwai, kuma ya ambaci cewa ana kai jan ƙarfen har Gobir da Barno. Amma sarakunan Hausa ba su buga kuɗi da sunayensu ba, Daular Usmaniyya ba ta buga ba, haka Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ƙarfinsa ya kai har maƙeransa suna zuba igwa a Zindar kafin rasuwarsa a 1884, bai bar kwabo mai sunansa ba. Kuɗin ƙarfen da ya yi yawo a nan kafin zuwan Nasara shi ne dalar azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza, wadda fatake ke kawowa ta Sahara. Nauyinta giram 28, kuma kusan kowace ka ɗauka za ka ga an rubuta 1780, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zamaninmu, saboda haka shekarar da ke jikinta ba hujja ba ce ta tsufa, kuma tamaninta bai wuce na azurfar da ke cikinta da yawa ba. Mafi yawanta ma maƙeran fari sun narke ta tun da daɗewa, ta koma zobba da awarwaro a hannun iyayenmu mata.

Abin da na'ura za ta fi ji a gonakinmu, bayan gwangwani da guntun hauya da kashin maƙera, shi ne ƙananan kuɗin zamanin mulkin mallaka. Da yake Faransa da Ingila sun ja iyakarsu ta ratsa tsakiyar ƙasar Daura da Damagaram, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, mutanen wannan yanki sun rayu da kuɗi iri biyu a lalita guda: tamma da dala na Faransa don biyan haraji, kwabo da sisi da sule na Ingila don cinikin gyaɗa da cin kasuwannin kudu ta hanyar Ɗan Barto da Kwangwalam. Wanda ya taɓa ɗora anini a tafin hannunsa ya san kyansa: ɗan ƙarami ne mai huji a tsakiya don a zura shi a zare, a gefe guda tauraro mai tsini shida ya kewaye hujin, a ɗaya gefen kambin sarkin Ingila da sunansa, a ƙasa kuma an rubuta darajarsa da Larabci, ushurin kwabo ke nan, domin masu buga shi sun san da wane rubutu mutanen ƙasar suke karatu. An fara buga shi a 1907, da farko da sanholo, daga baya da wani farin ƙarfe mai ƙwari. Abu ne da ya cancanci a ajiye a nuna wa yara, a gaya musu abin da yake saye a zamanin kakanninsu. Amma an buga shi miliyoyi, kuma duk wanda ya gaya maka cewa akwai wani Bature ko Balarabe da ke neman kwabo mai huji, ko tsohon dutsen guga, ko kan keken ɗinki, zai ba da miliyoyi saboda wani sinadari da ke ciki, to, aljihunka yake nema.

Wannan damfara kuwa ba sabuwa ba ce. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya keɓe fasali guda a kan masu neman dukiyar da aka binne, ya hukunta cewa wannan ba hanyar neman abinci ba ce ta ɗabi'a. Ya ba da labarin waɗansu da ke yawo da tsofaffin takardu na jabu masu gefe a ciccinye, suna kai wa masu hali, suna cewa taswirar taska ce da ɗalasimai ke tsaronta, a ba su kuɗin turare da na yanka su warware. Shekara fiye da 600 ke nan, amma wanda ya san zancen tulun kuɗi da aljannu ke gadi, da bokan da ke neman baƙin bunsuru kafin a taɓa shi, zai ga cewa na'ura sabon kaya ce kawai aka ƙara wa tsohuwar sana'a.

Inda abin yake da nauyi shi ne nan: ƙarfe mai daraja da ke cikin ƙasar Hausa, gwargwadon abin da bincike ya nuna, akasarinsa tare da matattu yake kwance. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani tsakanin Katsina da Daura, tafiyar da ba ta da nisa daga nan, akwai tuddai da ake jingina su ga sarakunan farko na Katsina. Wani Bature mai suna Palmer ya fara tona su a 1907, sa'an nan a 1992 masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suka tona uku bisa ƙa'ida. Suka sami 'yan kunne na zinariya, da mundayen jan ƙarfe da na hauren giwa, da duwatsun ado, da wuri, da wata tasa ta tagulla wadda aikinta ya nuna daga ƙasashen Gabas ta fito. Aka kai kayan birnin Mainz aka gyara, aka komo da su Katsina. Daga waɗannan kaburbura ne aka sami shaida ta zahiri, wadda ba ta dogara ga ruwayar baka ba, cewa ƙarnuka da dama kafin jihadi ƙasar Hausa tana da masu mulki da hannunsu ya kai ga hajar Masar da ta bakin teku. Da mai na'ura ne ya riga su zuwa cikin dare, da 'yan kunnen sun zama giram kaza a ma'aunin dillali, tasar ta tafi wurin masu sayen tsohon ƙarfe, ƙasusuwan sarakuna kuma a watse a rana.

Ba zato nake yi ba, domin mun riga mun ga irin wannan a ƙasarmu. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, a 1983 Bube Gado na cibiyar binciken IRSH ta Yamai ya tona wani yanki nata, ya fito da tukwanen binne mutane fiye da 600 da mutum-mutumin mahayin dokin nan da ya zama abin alfaharin Nijar. Da aka nuna kayan a baje kolin tarihin kwarin Kwara da aka buɗe a Faris a 1993, dillalan Turai suka gani suka yi sha'awa, farashi ya tashi, talakawa da fari ya gallaba suka fita da hauya da diga, cikin 'yan shekaru aka birkice akasarin wuraren, har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada kowa ya saya. Manomin da ya tono ya sami abin cefanen mako guda, dillalin Faris da na Burussal suka sami riba ninkin ba ninkin, mu kuwa aka bar mu da ramuka da jahilcin su wane ne mutanen Bura. An yi wannan ɓarna ba tare da na'ura ba. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai.

Mutane da yawa ba su gane abin da masanin tarihin ƙasa yake nema ba, suna zaton shi ma dukiya yake haƙo, sai dai shi yana da takardar gwamnati. A Kufan Kanawa, a nan jihar Damagaram, inda ruwaya ke cewa nan ne Kanawa suka zauna kafin su koma Kano ta yanzu, Anne Haour ta yi tono a farkon shekarun 2000. Abin da ta tattara katangar tukwane ne da gawayi da ƙasusuwan dabbobi, abubuwan da ba wanda zai ba da dala a kansu, amma da su aka auna aka gane cewa an zauna wurin tsakanin ƙarni na 14 da na 17. Gawayin da ke gefen abu shi ke faɗin shekarunsa, hawan ƙasar da yake ciki shi ke faɗin abin da ya riga shi da abin da ya biyo bayansa, irin zanen da ke jikin katanga shi ke faɗin da waɗanne mutane aka yi hulɗa. Wanda ya zare munduwa daga mazauninta ya watsar da abin da ke kewaye da ita, daidai yake da wanda ya zare warƙa guda daga gafakar malam ya bar iska ta kwashe sauran: warƙar tana hannunsa, amma ba mai iya cewa daga wane babi ta fito. Mu kuwa a wannan yanki, da tarihinmu rubutacce bai wuce jerin sunayen sarakuna da labarin yaƙe-yaƙe ba, kufai ne kaɗai zai gaya mana yaushe aka fara zama a kwarin Korama, me aka shuka, a ina aka narka tama, ina mutanen da yunwar Kakalaba ta 1914 ta tasa suka nufa.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba, kuma abin mamaki ne yadda almajirin da ya karanta Risala ya wuce ta kansa ba tare da ya lura cewa zancen gonar ubansa ake yi ba. Fuƙaha'unmu na mazhabar Maliku sun raba abin da aka samu a binne gida biyu. Wanda mutanen jahiliyya suka binne shi ne rikazi, ana fitar da humusinsa, watau kashi ɗaya cikin biyar, zuwa baitulmali don maslahar jama'a, saura kuma na mai ƙasar ne in tana da mai ita, in babu ya zama na wanda ya samu. Ashe ke nan wanda ya shiga gonar wani da dare ya tono, ko da rikazi ne, haƙƙin mutum biyu ya ci, na mai gona da na al'umma. Amma abin da alama ta nuna Musulmi ne ya binne, ko wanda ke zaune cikin amanar Musulmi, wannan hukuncinsa hukuncin tsintuwa ne, sai an yi cigiyarsa shekara guda a ƙofar masallaci da inda jama'a ke taruwa. To, mu ƙaddara wani ya tono ƙaramar tukunya da daloli a kufan wani gari da aka tashi a zamanin yaƙe-yaƙen Damagaram da Kano: mai ita Musulmi ne, wataƙila falke ne da ya binne ta da ya ji kukan kuge, bai kuwa komo ba, kuma mai yiwuwa ne jikokinsa suna nan a ƙauyen da ke gaba, suna amsa sunan kufan a matsayin asalinsu. Wannan dukiya ta magada ce kafin ta zama ta kowa. Game da kabari kuwa maganar ta fi tsanani, domin malamai sun ce kabarin Musulmi hubusi ne a kan mai shi, ba a tone shi, kuma ya zo a hadisi cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Har kaburburan jahiliyya ma Imamu Maliku ya karhanta a tone su don neman dukiya. Alƙur'ani ya umurce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, kuma ban ga yadda za a yi wannan tadabburi ba idan an riga an narkar da abin dubawar.

Hukuma ma tana da dokarta, mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda ta sa kayan tarihi ƙarƙashin kariyar ƙasa, ta hana tono ba da izni ba. Doka ce mai kyau a takarda, amma an rubuta ta da Faransanci, tana ajiye a Yamai, tazarar kilomita ɗaruruwa daga nan, kuma manomin da garmarsa ta ci karo da tukunya bai taɓa jin labarinta ba. Abin da ya sani shi ne, in ya kai rahoto za a karɓe abin, wataƙila a haɗa masa da tambayoyin jandarma, in kuwa ya kai wa maƙeri zai komo da kuɗin hatsi. Faransa ta bi hanyar tsanantawa, tun 1989 ta wajabta neman iznin hukuma kafin a yi amfani da na'ura wajen neman kayan tarihi, kuma masu yi a ɓoye ba su ƙare ba. Ingila ta bi wata hanyar: dokarta ta 1996 ta wajabta wa wanda ya sami taska ya sanar cikin kwana 14, a kimanta ta da farashin kasuwa, a biya shi da mai gona, a 1997 kuma aka kafa tsarin da kowa zai kai ko maɓalli ne a rubuta inda ya same shi a mayar masa da abinsa, har abin da aka rubuta ya haura miliyan. Wanda ya ɓoye kuwa ba a raga masa, kamar mutum biyun da aka ɗaure a 2019, ɗaya shekara 10, ɗaya takwas da rabi, saboda sun sayar da taskar da suka tono a Herefordshire a asirce. A ganina wannan hanya ta biyu ita ce ta fi kusa da abin da fiƙihunmu ya tsara tun fiye da shekara dubu, domin ta san mai samu yana da rabo, mai ƙasa yana da rabo, jama'a suna da rabo, kuma ta gane cewa ɗan Adam ba ya kawo abin da ya tabbata za a ƙwace masa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba na raina shi. Za a ce wanda ya ƙoshi ne yake zancen katanga da gawayi, alhali gundumar Kance tana cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki sun tsuke har gadon mutum bai fi a tsallaka shi da 'yan taku ba, kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92, galibinsu mata da yara daga wannan gunduma, ƙishirwa ta kashe su a hamada kan hanyar Aljeriya. Wanda yunwa ta kai shi ga wannan, ba za a tsaya gabansa da wa'azin tarihi kaɗai ba. Amsata ita ce, tonon kufai ba ya maganin wannan yunwa ko kaɗan, Bura ta isa shaida. Na'ura mai kyau irin ta Minelab da ake kai wa Jado kuɗinta ya fi na shanun noma, wanda ya ci bashi ya saya don ya nemi anini a Kurni ya ƙara wa kansa talauci ne, kuma idan bashin ya matsa shi, ba abin da zai hana shi taka maƙabarta. Wanda zai ci riba shi ne mai sayar da na'urar da dillalin da ke jiran kaya a birni.

Ban ce a haramta na'urar ba, domin ba ta da laifi a kanta, kuma haramcin da ba mai iya tsare shi raini yake jawo wa doka. Malamin makaranta da zai fita da ɗalibansa tsohon filin kasuwa, da iznin mai gari da mai gona, su tono kwabo da tamma a saman ƙasar da garma ta riga ta juya shekara da shekaru, su rubuta inda aka sami kowanne, su jera su cikin akwati a lakwal, wannan ya yi aikin alheri, kuma irin sha'awar da nake fatan ta kafu ke nan in har za ta kafu. Abin da nake nema shi ne a ja iyaka tun yanzu, kuma masu ja su zama waɗanda jama'a ke jin maganarsu. Dattawan kowane gari sun san kufansu da tsofaffin maƙabartunsu da wuraren da aka narka tama. A zauna da su a rubuta sunayen wuraren tun suna raye, Sarkin Kance da hakimai da masu gari su shelanta cewa waɗannan hurumi ne, ba a shiga da na'ura, ba a shiga da diga. Limamai su karanta wa mutane babin rikazi da na tsintuwa a huɗuba da harshen da suke ji. A ajiye littafi guda a ofishin magajin garin Kurni, wanda ya sami wani abu ya zo a rubuta, a ɗauki hotonsa da waya, a aika wa malaman tarihi na Jami'ar André Salifou ta Zindar, in ƙaramin abu ne a mayar masa. In kuwa abin da ya cancanci gidan tarihi na Bubu Hama ne, hukuma ta biya shi a fili, a gaban jama'a, da farashin da ya fi na maƙeri, domin labarin mutum guda da aka biya zai yi aikin da jandarma ɗari ba za su yi ba.

Kai kuma ɗan'uwa manomi, in garmarka ta ci karo da bakin tukunya ko munduwa ko ƙashi a daminar nan, kada ka fasa, kada ka jawo. Mayar da ƙasa ka rufe, ka kafa alama, ka tafi ka gaya wa mai gari kafin dillali ya ji.